Wasa biyar cikin kwana shida: fashin baƙi kan kakar Sewanee ta 1899

A watan Nuwamban 1899 wasu ɗalibai 18 suka sauko daga tsaunin Sewanee da ke jihar Tennessee ta Amurka, suka shiga jirgin ƙasa tare da kocinsu da manajansu da mai yi musu tausa. Cikin kwana shida suka buga wasa biyar na zari-rugar Amurka a garuruwa biyar, suka cinye duka, kuma babu ƙungiyar da ta samu ko maki ɗaya a kansu. Tafiyar ta kai mil 2,500, wato wajen kilomita 4,000. Da kakar ta ƙare sun buga wasa 12 sun ci 12, sun tara maki 322, an ci su 10 kacal. Makarantar da ta yi wannan aiki, wato jami'ar Sewanee, ɗalibanta gaba ɗaya ɗari uku ne da 'yan kai.

Amurkawa kan ba da labarin nan a matsayin labarin jarumta, kuma jarumtar gaskiya ce. Sai dai wanda ya tsaya a kan jarumtar kaɗai ba zai gane yadda abin ya yiwu ba, ba zai kuma gane abin da ya sa bayan shekara arba'in makarantar nan ta kasa cin ko wasa ɗaya a gaban manyan jami'o'in da ke maƙwabtaka da ita ba. Ni a ganina amsar tambayoyin biyu ɗaya ce, kuma tana wajen kuɗin ƙofa.

Da farko dai, wane wasa ake magana? Ba tamaular da muka sani ba ce. Zari-rugar Amurka ce, wadda ake rungumar ƙwallo mai siffar ƙwai a ruga da ita, abokan hamayya kuma su tare mutum su kayar da shi. Asalinta daga zari-rugar Ingila ne, amma a jami'o'in arewa maso gabashin Amurka aka sauya mata kama. Wasan farko tsakanin jami'o'i an yi shi a 1869, tsakanin Rutgers da Princeton, kuma ya fi kama da tamaula. Walter Camp na jami'ar Yale shi ne ya kawo tsarin da ya raba wasan da na Ingila: a 1880 aka fara jera 'yan wasa sahu biyu suna fuskantar juna kafin a saki ƙwallo, a 1882 kuma aka ƙayyade yawan yunƙurin da ƙungiya za ta yi kafin ƙwallo ta koma hannun abokan karawa.

Wanda ya saba kallon wasan na yau a talabijin, sai ya cire hoton daga ransa. A 1899 haramun ne a jefa wa abokin wasa ƙwallo gaba. Sai a 1906 aka halatta hakan. Tsawon fili yadi 110 ne. Ƙungiya tana da yunƙuri uku ta ci yadi biyar, in ta kasa ta rasa ƙwallo. Yadi biyar ba nisa ba ne, saboda haka dabarar da ta fi biya ita ce a dunƙule wuri ɗaya a afka tsakiyar sahun abokan hamayya, wasu na tura mai ƙwallo ta baya, wasu na jan sa ta gaba, har a samu yadi biyu ko uku, a tashi a sake. Wanda ya kai ƙwallo bayan layin ƙarshe ya ci maki 5, bugun da ke biye in ya shiga maki 1, bugun ƙwallo daga fili ta ratsa tsakanin turaku shi ma maki 5. Hular kwano irin ta yau babu ita. Wasu kan sa 'yar hular fata ko abin kare hanci, da yawa kuma gashi kawai suke tarawa ya rage musu zafin karo.

Dokoki biyu ne suka fi muhimmanci ga labarinmu. Ta farko, mutum goma sha ɗayan da suka shiga su ne masu kai hari, su ne masu tsaro, su ne masu bugu, daga farko har ƙarshe. Ta biyu, duk wanda aka cire ba ya komawa. Don haka ɗan wasa ba ya fita sai in ya kasa tsayuwa da ƙafarsa. Koci ma ba shi da izinin ba da umarni daga gefen fili. Ɗan wasan da ke karɓar ƙwallo a bayan sahu shi ke kiran dabara. Ma'anar wannan duka ita ce, makaranta ba ta bukatar tarin jama'a kafin ta yi ƙarfi. In ta samu samari goma sha biyar masu ƙashi da juriya waɗanda suka san juna, ta isa ta kara da kowa. Jami'a mai ɗalibai dubu ba ta da hanyar da za ta zuba yawanta a fili, tun da ita ma goma sha ɗaya za ta tsayar.

Sunan makarantar na hukuma Jami'ar Kudu, amma kowa Sewanee yake ce mata. Bishof-bishof na cocin Episkofal, reshen Angilikan na Amurka, su ne suka kafa ta a 1857, yaƙin basasa ya katse aikin, ba ta buɗe ba sai a 1868. A kan tsaunin Cumberland take, cikin daji, ba wani gari kusa mai yawan jama'a. Jirgin ƙasa ma ta wani ƙaramin reshe yake hawa daga garin Cowan. Wannan keɓewa ta ba ta wata dama da mutane kan manta. A wancan zamani Sewanee ba ta yin dogon hutu da bazara kamar sauran makarantu, da hunturu take yi. Iyaye daga ƙasashen kwari irin su Louisiana da Mississippi sun fi son 'ya'yansu su yi watannin zafi a kan tsauni, nesa da cutar shawara da zazzabin cizon sauro. To lokacin da ɗaliban wasu jami'o'i ke dawowa daga hutu a watan Satumba jiki duk ya saki, 'yan Sewanee sun daɗe tare, suna cin abinci tare, suna atisaye tare. A wasan da ya dogara kan turawa a dunƙule, wannan ba ƙaramar riba ba ce.

Amma keɓewar tana da tsada. Filin da babu gari kusa da shi ba ya tara 'yan kallo, kuma a lokacin ba rediyo, ba talabijin, ba kamfanin da ke ɗaukar nauyi. Kuɗin kayan wasa da na jirgi da albashin koci duk daga ƙofa suke fitowa. Shi ya sa babbar kasuwar Sewanee a kowace shekara ita ce karawarta da jami'ar Vanderbilt a birnin Nashville, wadda aka fara tun 1891. A 1899 makarantun biyu suka kasa daidaitawa a kan yadda za a raba kuɗin ƙofa, wasan ya rushe, asusun ƙungiyar ya zama wayam.

Nan ne Luke Lea ya shigo. Shi ba ɗan wasa ba ne, ɗalibi ne mai shekara 20 da aka ba riƙon harkokin ƙungiya, domin a zamanin ɗalibai ke tsara jadawali, su yi ciniki da sauran makarantu, su riƙe kuɗi. Lissafinsa mai sauƙi ne: abin da ke cin kuɗi shi ne tikitin jirgi, to in an riga an biya kuɗin zuwa Texas, kowane wasa da aka ƙara a hanyar dawowa riba ce. Sai ya jera wasanni a manyan garuruwan da layin dogo ya ratsa. Cikin wasa 12 na kakar, uku kaɗai aka buga a gida. Mutumin da ya tsara wannan jadawali halinsa ke nan har girma. Ya kafa jarida a Nashville a 1907, ya zama sanata a 1911, a watan Janairun 1919 kuma, yana kanar ɗin soja, ya ɗebi wasu hafsoshi suka tsallaka Holan da niyyar kamo tsohon sarkin Jamus Wilhelm na Biyu, abin bai yiwu ba. Daga baya ya yi zaman kurkuku a kan badaƙalar banki kafin a yi masa afuwa. Mai ƙarfin hali ne ƙwarai, amma a 1899 ba jikinsa ne zai sha dukan ba.

Kafin babbar tafiyar sun riga sun gwada abin a ƙarami. Ranar Asabar 21 ga Oktoba suka doke Georgia 12 da nema a Atlanta, ranar Litinin suka ƙara da Georgia Tech 32 da nema a garin. Suka koma gida suka lallasa Tennessee 46 da nema, da wata ƙaramar kwalejin Presbyterian 54 da nema.

Sai jirgi. An haɗa musu taragon kwana nasu, aka loda gangunan ruwa daga idon ruwan tsauninsu, domin a lokacin ruwan baƙon gari kan kwantar da mutum, kuma ciwon ciki ɗaya ya isa ya rusa tafiyar. Ranar Alhamis 9 ga Nuwamba suka sauka Austin suka kara da jami'ar Texas, wadda ita ce mafi ƙarfi cikin biyar ɗin. A wasan ne kyaftin ɗinsu Henry Seibels, wanda ake wa laƙabi da Diddy, ya samu tsaga a goshi. Aka manna masa filasta ya koma sahu, saboda in ya fita ya fita ke nan. Aka tashi 12 da nema. Da dare suka hau jirgi zuwa Houston, Juma'a suka ci Texas A&M 10 da nema. Wani daren a jirgi, Asabar suka ci Tulane 23 da nema a New Orleans. Lahadi ba a wasa, makarantar coci ce, suka huta. Litinin a Baton Rouge suka zuba wa jami'ar jihar Louisiana 34. Talata 14 ga wata a Memphis suka rufe da jami'ar Mississippi 12 da nema. Jimilla 91 da babu.

A tsaya a yi tunanin daren da ke tsakanin wasa da wasa, don a nan ainihin wahalar take. Wanda ya taɓa buga wasa mai karo ya san ba ranar wasan jiki ke ciwo ba, washegari ne, lokacin da cinya ta sandare, kafaɗa ta ƙi ɗaguwa. Su kuwa washegarin nan wani wasan ne, kuma tsakaninsu da shi sai ƙunƙuntaccen gadon tarago mai jijjiga, da hayaƙin gawayi. Abin da ya hana jikinsu ƙagewa shi ne hannun Cal Burrows, baƙar fatan da ke yi musu tausa. Bayan ya yini yana ɗawainiyar kaya da ruwa, da dare sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana murza ƙafafu da bayansu har su samu barci. Wannan a kudancin Amurka ne shekara uku bayan kotun ƙolin ƙasar ta halatta wariyar launin fata a 1896, a shari'ar da ita ma a kan taragon jirgin ƙasa aka yi ta. Burrows ba shi da damar zama ɗalibi a makarantar da yake wa hidima, wadda cikin manyan waɗanda suka kafa ta akwai Bishof Leonidas Polk, mai bayi, wanda ya zama janar a rundunar 'yan awaren Kudu. An daɗe ana ba da labarin tafiyar nan ba tare da an ba Burrows haƙƙinsa ba, alhali in an cire aikinsa ban ga yadda za a kai wasa na huɗu ba.

Yanzu a auna nasarar da ma'aunin gaskiya. Sunayen Texas da Louisiana da Mississippi a yau suna da nauyi, filayen wasu daga cikinsu na ɗaukar mutum sama da dubu ɗari, sai mai karatu ya ɗauka ƙaramin yaro ne ya kayar da ƙattai biyar. Ba haka abin yake ba a 1899. Wasan sabo ne a jihohin Kudu, yawancin ƙungiyoyin ba su kai shekara goma da kafuwa ba. Tulane ba ta ci wasa ko ɗaya ba a kakar nan. Jami'ar Louisiana wasa ɗaya ta ci. Sewanee kuwa ba baƙuwa ba ce, tana cikin manyan yankin tun kafin nan, kuma kocinta Billy Suter daga Princeton ya fito, inda ake koyon wasan a tushensa. Ƙarfin gaske a lokacin yana arewa maso gabas, wajen Harvard da Princeton da Yale, kuma Sewanee ba ta kara da ko ɗaya daga cikinsu ba. Masu tantance zakarun wannan shekara Harvard da Princeton suke ambata. Abin da Sewanee ta samu shi ne kambun ƙungiyar jami'o'in Kudu da aka kafa a 1894.

Wannan bai rage komai daga abin mamakin ba, ya dai nuna inda mamakin yake. Cin kowace ɗaya daga cikin biyar ɗin ba gagarumin abu ba ne ga Sewanee. Cin su a jere, a filayensu ko kusa da gidajensu, gaban jama'arsu, da jikin da aka daka jiya da shekaranjiya, kowace rana kuma ana fuskantar sabbin mutane da suka kwana a gadajensu, ba tare da an yi sakacin minti ɗaya da zai ba da maki ba, wannan shi ne abin da ba a sake yi ba.

Wasan da ya fi ba su wuya ma ba a tafiyar aka yi shi ba. Bayan sun dawo sun ci Cumberland 71 da nema, ranar 30 ga Nuwamba suka je Montgomery suka haɗu da Auburn, wadda kocinta John Heisman ne, mutumin da a yau kyautar gwarzon ɗan wasan jami'o'in Amurka ke ɗauke da sunansa. Heisman ya koya wa yaransa sauri: da an kayar da mai ƙwallo sai su miƙe su jeru su sake afkawa kafin abokan hamayya su daidaita sahu. Dabarar ta rikita Sewanee. Sau biyu Auburn ta kai ƙwallo bayan layi, kuma waɗannan su ne maki 10 da aka ci Sewanee a duk shekarar. Ita ma Sewanee sau biyu ta kai. Bambancin bugu ɗaya ne na maki 1, wanda Sewanee ta samu Auburn ta rasa. Aka yi ta jayayya da alƙalin wasa, 'yan kallo na kutsowa fili, har duhu ya sa aka tsayar da wasan kafin lokaci ya cika, 11 da 10. Heisman bai yarda an yi masa adalci ba, ya kuma faɗa a jarida. Bayan kwana biyu Sewanee ta ci North Carolina 5 da nema a Atlanta, da bugu ɗaya tak daga ƙafar Rex Kilpatrick. Duk wanda ke kiran ƙungiyar nan wadda ba ta da tamka ya kamata ya tuna da waɗannan wasanni biyu na ƙarshe. Da ƙyar aka sha.

Jikin kuma ya biya. Ormond Simkins, ɗaya daga cikin ginshiƙan ƙungiyar, raunukan da ya samu a ƙafa wajen wasan nan sun bi shi har girma, sai da ta kai ga yanka, ya rasu a 1921 yana ɗan shekara arba'in da 'yan kai. Ba shi kaɗai ba ne a ƙasar. A 1905 jaridu sun ƙirga aƙalla mutum 18 da suka mutu a filayen wannan wasa, a shekarar ne kuma shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton fadarsa ya ce a gyara. Daga nan aka kafa hukumar da a 1910 ta zama NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, aka halatta jifa gaba, aka mayar da yadi biyar goma, aka yi ta taƙaita turereniya a dunƙule. A 1912 yunƙuri ya zama huɗu, fili ya koma yadi 100, kai ƙwallo bayan layi ya zama maki 6. Ina jinjina wa samarin 1899, amma ba na cikin masu cewa da ma a dawo da wancan zamani. Babu hukumar lafiya da za ta yarda da jadawalin Lea a yau, kuma tana da gaskiya.

To me ya kayar da Sewanee? Ba sauyin dokoki kaɗai ba ne, domin ta ci gaba da ƙarfi har ta sake ɗaukar kambun Kudu a 1909. Abin da ya sauya shi ne girman ƙofar. Wasan ya zama kasuwa, jami'o'in birane da na gwamnatocin jihohi suka fara gina filayen kankare. A 1922 Vanderbilt, wadda gardamar kuɗi da ita ta haifi tafiyar, ta buɗe fili mai ɗaukar mutum 20,000 a Nashville. Mai babban fili shi ke da kuɗin ɗaukar ƙwararrun masu horarwa da zawarcin yara masu hazaƙa daga sakandare, shi ke da 'yan benci masu yawa a lokacin da aka fara sassauta dokar canji. Yawan ɗalibai da yawan tsofaffin ɗalibai masu hannu da shuni, waɗanda a 1899 ba su da hanyar shiga fili, yanzu sun samu hanya. Sewanee kuwa tana nan a kan tsauninta da 'yan ɗaruruwanta, har kalandar karatun da ke ba ta fifiko ta sauya ta koma irin ta kowa. Ta ci gaba da yin abin da Lea ya fara, wato zuwa gidajen manya don a ba ta kaso, sai dai yanzu duka take zuwa sha a biya ta.

A ƙarshen 1932 jami'o'i 13 suka kafa gasar kudu maso gabas da ake kira SEC, Sewanee na cikinsu saboda tsohon sunanta. A 1935 gasar ta halatta a fili a ɗauki nauyin karatun ɗalibi don wasa kawai, tseren da ƙaramar makaranta ba ta da numfashin yi. Daga 1933 zuwa 1940 Sewanee ta buga wasa 37 a gasar, ta sha kashi a duka 37. Shugaban jami'ar na lokacin, Alexander Guerry, ya fitar da ita a 1940, daga baya makarantar ta daina ba da tallafin karatu don wasa gaba ɗaya. Wasu tsofaffin ɗalibai sun ji zafin haka, amma ni ina ganin shawarar daidai ce: ci gaba da zama yana nufin ko dai a karkatar da kuɗin koyarwa zuwa fili, ko a riƙa tura yara ana jibgarsu kowace Asabar don a cike giɓin asusu.

Ba ita kaɗai ta bi wannan hanya ba. Georgia Tech ta bar gasar a 1964, Tulane ta bi ta a 1966. Sewanee a yau tana rukuni na uku na NCAA, inda doka ta hana biyan kuɗin makarantar ɗalibi saboda wasa, tana karawa da ƙananan kwalejoji irinta. Louisiana da Mississippi suna SEC tun kafuwarta, Texas A&M ta shiga a 2012, jami'ar Texas kuma a 2024, kuma abin da ya ja su biyun shi ne kuɗin talabijin, wanda a yau ya fi na ƙofa nesa ba kusa ba.